Neman Duhu a Ƙasar Damagaram

Cinikin humra ya koma waya. Matar da a da sai ta buɗe kwalba ta ɗiga a bayan hannu ta shinshina kafin ta taya, yanzu hoto take gani a WhatsApp, ta tura kuɗi, a ba direba ya kai mata. Hoto kuwa ba ya ɗaukar ƙamshi. Abin da ya rage wa mai saye ido ne kawai: launin ruwan, kaurinsa, ko ya haɗu ko ya tsinke, da tsabtar kwalbar. A nan gizo ke saƙar, domin cikin duk abin da mai hoto kan ajiye a gaban kyamara babu mai taurin kai irin gilashi.

Yayata tana wannan sana'a a Kano, kayan kuma daga hannun goggonmu suke fitowa, wadda aure ya kai ta Guna, cikin gundumar Mirriya a jihar Damagaram, tun ban yi wayo ba. Kowane haɗi da launinsa, saboda haka kafin kaya su taso jikokin Goggo kan turo hoto a fara talla. Hotunan nan su ne ke korar masu saye: kwalba ta fito baƙa ƙirin da farin tabo a cikinta, wani lokaci har da fuskar yaron da ya ɗauka, a lanƙwashe, da wayarsa a hannu. Ni ne mai kyamara a dangi, Goggo kuma ta daɗe tana bina bashin ziyara, sai aka haɗa biyun aka ɗora mini: in je in gaishe ta, in kuma koya wa yaran abin da za su iya yi da kansu bayan na tafi.

Hanyar ba baƙuwa ba ce ga mutumin Kano. Daura, Kwangwalam, a ƙetare iyaka a shiga Ɗan Barto, sai Matamaye, sai Kance, a Takeita a hau babban titin da ya taso daga Yamai a yi gabas. Kafin a shiga gari akwai Tirmini, inda rundunar Sarki Amadu Kuren Daga ta kara da sojojin Faransa a 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Kazamaju a Damagaram. Direbanmu bai ko rage gudu ba. Hunturu ne, hazo ya rufe sama, rana ta dusashe har ido na iya kallonta. Fasinjoji na tsinar ƙura, ni kuwa ina murna a ciki, don hazo yana baza hasken rana ya tausasa shi, kuma irin wannan hasken ne aikina ke so.

Gilashi ya daɗe da sanin hanyar Damagaram. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da garu, ya sa aka ƙera igwa a garin, ya rasu a 1884, ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Gadamas da Gat da Abzin a nan yake sauke kaya kafin ya ƙarasa Kano. Unguwar Zango ita ce masaukinsu. Bajamushen nan Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya zauna a Birni daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, kuma a lissafin da ya yi na hajar Turai a kasuwar Kano ya ambaci duwatsun ado na Benis da madubai na Nurembag. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 hanyar raƙuma ta fara mutuwa, haja ta koma shigowa ta teku. A shekarar ce kuma Faransawa suka mai da Damagaram mazaunin mulkinsu, har zuwa 1926 da suka koma Yamai. Kayan da raƙuman suka kawo dai ba su ƙare ba, suna nan a ƙasan adakar tsofaffi.

Yadi na shiga nema a Kasuwar Dole ta Damagaram, amma sai da na tsaya a layin masu turare. Bintu Sudan, wadda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fito da ita a 1920, wadda yanzu a Kano ake ɗura ta, tana jere cikin 'yan kwalabenta, ga na miski, ga na sandal, ga kofunan shayi an kife su a faranti. Abin da na lura da shi: mai rumfar da ya san hannunsa ba ya ajiye kwalaben a inda rana za ta doke su ta gaba. Yana jera su ne a bakin rumfa, mai saye na tsaye a inuwa, haske na fitowa ta bayansu yana ratsa ruwan. Ɗan kasuwa ya riga mai hoto gano wannan. Na sayi farin alawayyo, da baƙin yadi marar sheƙi, na roƙi tsohon kwali a wurin wani mai shago, kayan aikina sun cika ke nan.

Babban jikan Goggo yana da aboki mai ɗaukar hoto a wani shago a Zango, kuma shi aka fara kai wa kwalaben kafin a kai ƙara Kano. Shago ne tsaf: filasha biyu da laimominsu, labule mai hoton bene da mota, farin bango, kwamfuta. Hoton fasfo da na biki da na Salla yake yi, kuma ya iya. Haka shagunan hoto na ƙasashenmu suka taso tun zamanin su Saidu Keita, wanda ya buɗe nasa a Bamako a 1948: gwanintarsu a kan fuska take da sutura. Ya buɗe mini hotunan kwalaben yana haɗe rai.

"Baba, wallahi na ƙara wuta, na rage wuta, na ja fitilar har jikin bango. Tabon nan ya ƙi fita."

Na ce, "Ba zai fita ba, ɗana, don ba tabo ba ne. Laimarka ce. Jawo hoton ka ƙirga ƙarafunanta."

Ya jawo, ya ƙirga, ya yi dariya.

Fuskar mutum, ko zane, ko tukunya, in haske ya sauka a kansu warwatsa shi suke yi ta kowane ɓangare, shi ya sa duk inda ka tsaya kana ganinsu. Gilashi ratsa shi haske yake yi ya wuce. Wanda ke dawowa kaɗan ne, wajen kashi 4 cikin 100 a kowace fuska in hasken ya zo kai tsaye, kuma ba a warwatse yake dawowa ba: da kusurwar da ya sauka da ita yake tashi. Wato abin da kyamara ke gani a jikin kwalba hoton fitilar ne. Dalili ke nan da ja da ita baya bai yi magani ba, tabon ƙanƙancewa kawai yake yi, ƙarfinsa na nan. Ga shi kuma kwalba kewayayya ce, tana kwaso abin da ke gabanta da na gefenta duka ta matse a jikinta. Gilashi magulmaci ne, duk abin da ya gani a ɗaki sai ya kai wa kyamara. Saboda haka ba kwalbar ake haskawa ba. Abin da kwalbar za ta gani ake shiryawa, a ba ta fari a inda ake son fari, baƙi a inda ake son baƙi. Farin bangon da ke ƙawata fuskar amarya shi ne ke wanke gefen kwalba har ta ɓace.

Ba sabon ilimi ba ne. Ibnul Haisam, mutumin Basra, ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, ya gwada yadda haske ke dawowa daga madubi da yadda yake karyewa in ya shiga ruwa ko gilashi, kuma da yawan gwaje-gwajen nasa a ɗaki mai duhu ya yi su, da 'yar kafa guda. Baturen Ingila Talbot, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙago hoto, a littafinsa da ya fara fita a 1844 ya sa hoton kayan gilashi jere a kanta, bayansu baƙi, ya kuma yi bayanin cewa farin tangaran da gilashi ba sa haɗuwa lafiya a hoto guda, don kafin gilashin ya fara fitowa tangaran ɗin ya riga ya gama.

Muna cikin wannan aka ɗauke wuta. Mai hoton ya fara ba ni haƙuri, na ce ya bari, ya ɗauko kwalba guda ya tsaya daga can ƙurya ya ɗaga ta saitin ƙofa. Ya ɗaga, ya yi shiru. Na ce in yana da sarari ya biyo ni Guna.

Ta Mirriya muka bi, ran Lahadi, ranar kasuwarta, tafiyar kilomita 20 ko ƙasa da haka daga Damagaram. Garin tukwane ne, jajaye masu farin zane, an baje su a ƙasa. Na ɗaga kyamara na ɗauki guda ina tafiya, ba shiri ba komai, ta fito daram. Na nuna wa saurayin, ya ce da ma su Goggo tukwane suke sayarwa da ya huta. Daga nan babur muka hau muka yi kudu cikin yashi. Wanda bai san ƙasar nan ba zai ɗauka sarari ne fetal, alhali gonakin Mirriya da Matamaye da Magarya cike suke da gawo, manoma ne suka riƙa barin tohon yana girma har aka san yankin da haka a duniya. Gawo kuwa da rani yake ganye, saboda haka ko'ina ya bushe shi yana kore shar.

Guna gari ne na manoma, mazaunin ƙaramar hukuma, gidajen ƙasa da dangar kara da rumbuna. Goggo ta tarbe ni da faɗa kafin gaisuwa: "Kai yaron nan, sai da kwalba ta kira ka ka san hanya?" Furfurata ba ta hana ta ba. Aka kawo fura, aka yi ta tambayar mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya har magariba.

Da safe na zagaya neman wurin aiki, ban yi nisa ba. Zauren gidan ne: ginin ƙasa mai kauri, ba taga, bango ja mai cin haske, ƙofa biyu da ba sa kallon juna. Abin da mai hoton Turai ke kashe kuɗi ya tara, ya rufe tagogi, ya fente bango, ya sayi akwatin tausasa haske, magini ya gama yi mana shi tun kafin a haife mu. Ya kuma yi daidai da al'ada, don abokin tafiyata baƙo ne, iyakarsa zaure. Muka toshe ƙofar cikin gida da bargo, muka rataya alawayyon a ƙofar waje muka ja shi ya miƙe. Aka yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta. Muka kife turmi a tsakiya, aka ciro madubin bango aka kwantar a kansa, kwalba a sama, tazarar kamar mita 1 daga zanen. Kyamara kuma can baya a kan ƙafarta, da dogon ido mai milimita 100, don tsayawa nesa yana hana kwalba kumbura, yana kuma rage hoton mai ɗauka a jikinta.

Hanyoyin ɗaukar gilashi biyu ne, kuma ƙofa guda ta ishe su. Ta farko farin baya. Zanen da ke haske shi ne bayan hoton, kwalbar ba a haska ta ko kaɗan. Sirrin yana wurin faɗin farin: ya cika idon kyamara daidai wa daida, kada ya zarce. Tsakiyar kwalba na barin farin ya ratso, amma gefenta, inda gilashin ya lanƙwasa, karya haske yake yi ya kwaso abin da ke can wajen hoton. In farin ya yi faɗi da yawa, fari zai kwaso, kwalbar ta narke cikin bayanta. In duhu ne a wurin, sai baƙin layi siriri ya zana wuyanta da kafaɗarta da gindinta. Na sa saurayin ya riƙe baƙin yadi yana matso da shi daga gefen ƙofa a hankali, yana kallon allon kyamara, ya ga layin na kauri da matsowarsa, yana sirancewa da ja da bayansa. Daga nan bai ƙara tambayata komai a kan wannan ba. Na tsuke ƙofar ido zuwa f/11 don gaba da bayan kwalba su fito tare, ISO 100, na sa kyamara ta jira daƙiƙa 2 kafin ta ƙifta don kada hannu ya girgiza ta. Abu guda da ake mantawa: ma'aunin kyamara in ya ga fari da yawa rage haske yake yi har farin ya koma toka, sai an ƙara masa mataki ɗaya ko biyu da hannu.

Ta biyu baƙin baya, juyin ta farko. Muka yanka kwali muka lulluɓe shi da baƙin yadi, muka maƙala shi a tsakiyar farin zanen, girmansa daidai abin da kyamara ke gani. Yanzu bayan kwalba baƙi ne, haske na kewayowa ta gefen kwalin yana gogar gefenta. Gilashin da ke mai da kashi 4 kacal in an zo masa kai tsaye, in haske ya zo masa a kwance kusan duka yake mayarwa, sai farin layi ya zana kwalbar cikin duhu. Ta fi ta farko kyau a ido, ta kuma fi ta wahala. Hasken da ke kewayowa yana faɗawa idon kyamara ya sa hoton ya yi hazo, sai da muka kare shi da wani kwalin mai huda. Kuma ba ta rufa wa ƙura asiri: ƙwaya ɗaya, ko sawun yatsa, sai ta haska. A hunturu in ka goge gilashi da busasshen yadin roba ƙara jawo ƙura yake yi. Tsumman auduga mai ɗan danshi ya fi, a kuma ɗauki kwalbar da tsumman, ba da hannu ba.

Ana tsakiyar haka wani dogon farin abu ya bayyana a cikin kwalba. Maƙwabcin gidan ne, dattijo, ya ɗaga gefen zanen ya shigo da farar babbar riga ya tsaya kallo daga bayanmu. Ni ba zan ce wa dattijo ya gusa ba, saurayin balle. Goggo ce ta leƙo ta bayan bargo ta ce, "Malam, ka shiga kwalbata, za a sayar da kai a Kano." Ya yi dariya ya koma ƙurya ya zauna a kan buzu.

Yara kuwa kofin shayi ne ya kama su. Na cika shi da ruwa na sa ɗaya ta wuce da yatsa ta bayansa daga dama, yatsan ya fito daga hagu. Kofi ko kwalba in an cika su da ruwa tabarau suke zama, suna juya abin da ke bayansu in ya ɗan yi nisa. Wasa ne a wurinsu, amma aiki ne a wurin mai hoto: in gefen dama na ruwan ya yi duhu, sau da yawa ta hagu ake gyarawa.

Humrar Goggo iri biyu ce. Fara, mai kauri, haske ba ya ratsa ta, a farin baya sai ta zama inuwa. Ita baƙin baya ya karɓa, da farar takarda a gefe tana mai da ɗan haske a kan ruwan da takardar suna, ta bar dogon sheƙi guda a jikin kwalbar. Baƙa kuma, mai launin zuma in ta sha haske, tana son farin baya, amma tsakiyarta kan yi duhu. Maganinsa a yanka takarda daidai siffar kwalba, ta ɗan gaza ta, a jingina ta a baya a karkace, ta kwaso haske ta turo ta cikin ruwan. Saurayin ya samo takardar kwalin taba mai ruwan zinariya ya sa, humra ta kama da wuta, ja zur, har yara suka yi tafi. Aka kai wa Goggo ta duba, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ta wace ce? Tawa ba ta kai haka ja ba. In matar ta buɗe kaya ta ga wata, ni za ta kira maƙaryaciya, ba kai ba."

Ya ce, "Inna, haka ake yi a talla."

Ta ce a cire. Ina bayanta a wannan. Mai sayen humra ba sau ɗaya take saye ba, kuma launi ne kaɗai shaidar da hoto ke iya ba ta. Muka sa farar takarda, muka ajiye kwalbar kusa da allo muka gwada da ido har suka yi daidai.

Abin da na bar wa jikokin bai da yawa, don da waya za su yi. A goge idon wayar tukuna. A kashe filasharta. A ja baya a jawo hoton sau biyu maimakon a kusanto. A danna kan kwalbar a riƙe har ta kulle, sannan a ja hasken sama ko ƙasa da yatsa. A jingina wayar da wani abu, a sa tufa mai duhu. In za a tura, a tura a matsayin fayil, don in an tura shi hoto kai tsaye matse shi ake yi, farin bayan ya yi dabbare-dabbare.

Da la'asar Goggo ta aiko da wani ƙullin tsumma daga adakarta, ta biyo shi da kanta ta zauna a bakin ƙofar ciki. Ta ce tunda na zo da ido mai gani, in ɗauka mata waɗannan, 'ya'yanta na Kano da Yamai su san abin da ke akwai. Duwatsun wuya ne na da, da awarwaro biyu, da jar talhatana guda.

Masu furanni a jiki, irin waɗanda aka riƙa yi a tsibirin Murano na Benis a ƙarni na 19 don kasuwar Afirka, gilashi ne amma haske ba ya ratsa su, saboda haka haska su ta baya ɓata lokaci ne. Muka juya turmin, ƙofa ta koma gefe. Kowane dutse ya ɗauki ɗan farin hoton ƙofar a jikinsa. Saurayin ya so mu kashe shi, ya ga ina da matatar ƙyalli da ake ɗaurawa a idon kyamara, wadda ke yanke sheƙin gilashi sosai in haske ya sauka da kusurwa wajen digiri 56. Na juya ta na nuna masa: ƙyalli ya tafi, duwatsun sun koma kamar na roba. Sheƙi guda mai tsabta shi ke gaya wa ido cewa gilashi ne. Wanda ake yaƙa shi ne na barkatai. Awarwaron irin na Bida ne, aikin mutanen unguwar Masaga, waɗanda a da suke dafa gilashinsu da yashi da kanwa, daga baya suka koma narka fasassun kwalabe. A farin baya sai jijiyoyin launi suka fito a cikinsu, inda maƙerin ya ja narkakken gilashin ya naɗe.

Talhatanar na bari ƙarshe. Na huda kwali daidai girmanta, na ɗora ta a kan hudar, na ɗaga saitin zanen, yadda haske ba shi da hanya sai ta cikinta. Ta yi ja kyakkyawa. Amma a ciki akwai 'yan ƙananan kumfa zagayayyu, a gefenta kuma wani siririn layi ya kewaye. Dutsen aƙiƙ ba ya kumfa, layi-layi yake nunawa in haske ya ratsa shi. Siririn layin kuwa sawun bakin mazubi ne. Tarihin abin sananne ne: irin wannan ado na aƙiƙ daga Kambay ta Indiya yake zuwa tun da, a ƙarni na 19 masu sassaƙar dutse na Idar-Obashtain a Jamus suka karɓe kasuwar da dutsen Barazil da suke rinawa, sannan masana'antun Bohimiya, wajen garin Yablonek a ƙasar Cek ta yau, suka riƙa zuba kwaikwayonsa da gilashi a farashi mai sauƙi. Na tsaya ina neman yadda zan faɗa wa tsohuwa cewa gadon uwarta kwalba ce.

"Goggo, wannan kam..."

"Ta gilashi ce, na sani. Ta dutsen sanyi gare ta in ta taɓa wuya. Biyu Inna ta bari. Waccan mun ci ta shekarar El-Buhari."

Yunwar 1984 take nufi. Gwajin nata kuma daidai ne, aƙiƙ ya fi gilashi saurin janye zafin fata, shi ya sa ake jin sa da sanyi. Ta ce in ɗauka yadda kumfar za ta fito, kada wani ya je ya kai ta kasuwa bayan ranta ya ji kunya.

Da dare mun gwada ba rana, don yaran su san ana iyawa. Fitilar sola a waje tana dukan zanen daga nesa kaɗan ta yi aikin, in dai ba a bari tsakiyarta ta huda zanen ta zama tabo ba. Sharaɗin kada a gauraya: farar fitilar sola haskenta ya karkata ga shuɗi, ya kai Kelbin 6000 ko fiye, ta kananzir kuwa wajen 2000 ce, ja. In suka haɗu a kwalba guda, rabi shuɗi rabi ja za ta fito, ba kuma gyaran da zai daidaita su. Aka kashe ta ƙwai, aka yi aiki da ɗaya.

A tashar Mirriya, muna jiran mota ta cika, saurayin ya kawo maganar da ke cinsa. Hoton fasfo da farashinsa, na biki da nasa, na suna da nasa, kowa a gari ya san su. Kwalba fa? In ya yi mata kuɗin fasfo ya faɗi, don shirya kwalba guda ya fi ɗaukar mutum goma cin lokaci. In ya yi mata kuɗin biki, ba mai humrar da za ta sake yi masa sallama. Na ce wahalar a ta farko take, da zarar zane ya rataya kyamara ta tsaya, saura musanyawa ce da gogewa, don haka ya tara mata uku ko huɗu rana guda su raba kuɗin. Ya girgiza kai, ya ce ban san matan Damagaram ba, ba wadda za ta yarda abokiyar sana'arta ta ga launin haɗinta kafin ya fita kasuwa. Muka tsaya a kan dozin: kowace ta aiko da nata ita kaɗai, kada su gaza goma sha biyu, ya yanka kuɗin a kan haka. Ya ce saura ya shawo kan mai shagon ya bar shi ya fente ƙurya guda baƙa.